Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu Bisa Ɗibar Jini Da Sauran Abin Da A Ke Kai Wa Ɗakin Gwaji

 Wannan jawabi ya shafi wani ɗan ƙaramin aiki ne wanda ba a cika kawo maganarsa gaban hakimi ba sai ya ɓaci, watau ɗibar jini, ko fitsari, ko bayan gida, ko kaki daga majiyyaci, a kai ɗakin gwaji domin a gane cutar da ke damunsa. Abin da aka ɗiba ɗin nan shi ne ma'aikatan asibiti su ke kira samfur.

Mai aikin ɗakin gwaji tamkar alƙali ne wanda ba ya ganin masu shari'a, sai dai shaidar da aka aiko masa. Bai ga majiyyaci ba, bai ji nishinsa ba, bai san garinsu ba. Abin da ke gabansa duka 'yar kwalba ce da takarda. In an ɗibi abin da ya kamata a lokacin da ya kamata, aka rubuta sunan mai shi daidai, ya kuma iso kafin ya lalace, to, hukunci zai fito daidai. In kuwa ɗaya daga cikin waɗannan ya kuskure, ko da madubinsa ya fi na kowa kyau hukuncin banza zai yanke, likita kuma ya bi shi ya ba da maganin da ba shi ba. Galibin kuskuren da a ke ɗora wa ɗakin gwaji tun kafin kwalba ta kai ƙofarsa ya ke aukuwa, ko a ƙauye, ko a hanya, ko a bakin alƙalami. Nan ne maganar ta shigo hannun hakimi da malaminsa.

Wannan aiki ba baƙo ba ne ga gidajen sarauta. A cikin shekarun 1930, sa'ad da ciwon barci ya yi ƙarfi a ƙasar Zazzau da wasu lardunan Arewa, ma'aikatan lafiya su kan bi gunduma gunduma suna duba jama'a. Hakimi ya kan aika wa dagatai, dagatai su tara mutanensu a gindin itace, malam ya buɗe littafin ƙidaya yana kiran masu gida ɗaya ɗaya, kowa ya fito da iyalinsa. Ma'aikaci ya shafa wuyan mutum, in ya ji kaluluwa ta kumbura sai ya soka 'yar allura ya zuƙo ruwanta, ya ɗiga bisa gilashi, a duba da madubin likita nan take. Wanda aka ga ƙwayar cutar tana motsi a cikin ruwansa, a rubuta sunansa a fara yi masa allurai. Ta haka aka gano ciwon a jikin dubun dubatar mutane, kuma ta haka aka san rafukan da ƙudan tsando ya fi ɓarna, har aka tashi ƙauyuka a wajen Anchau, aka gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. Madubi na likita ne, amma ba don littafin malam ba, da ba a san wanda aka duba da wanda ya ɓuya a rumbu ba.

A wancan zamani da umurni a ke tara mutane, wanda ya ƙi fitowa kuwa ya san sauran. Zamanin ya wuce. Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976 asibitoci da ma'aikatansu ba su ƙarƙashin En'e, kuma yau ba a ɗibar kome daga jikin baligi mai hankali sai da yardarsa, ko daga jikin yaro sai da yardar iyayensa. Abin da ya rage a hannun hakimi shi ne muryarsa. Ba kuwa ƙaramin abu ba ne, gama akwai gidajen da ma'aikacin lafiya zai yi sallama sau bakwai ba a amsa ba, amma da mai unguwa ya yi gyaran murya sai a shimfiɗa tabarma.

Domin a ga nauyin 'yar kwalbar nan, ya isa a tuna abin da ya auku a Jihar Zamfara a 2010. A wasu ƙauyuka na ƙasar Anka da Bukkuyum yara ƙanana suka riƙa amai da jijjiga suna mutuwa, har sababbin kaburbura suka yi yawa a maƙabarta. An ba su maganin zazzaɓin sauro, bai yi ba. An ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta, bai yi ba. Sai da likitocin agaji suka ɗibi jinin yara 8 suka aika da shi wani ɗakin gwaji a Jamus, sa'an nan amsa ta zo cewa gubar dalma ce, kuma yawanta a jinin kowane yaro ya ninka ma'aunin haɗari fiye da sau 10. Ashe duwatsun zinariya da a ke niƙawa a tsakar gida, a inda yara ke rarrafe, a kuma inda a ke shanya hatsi, su ne ke ɗauke da dalmar. Yara fiye da 400 sun rasu. Da aka san cutar sai aka san aikin: aka kwashe ƙasar gidaje, aka fitar da niƙa bayan gari, aka ba yara maganin da ke janye dalma daga jini. Babu likitan da zai iya ganin dalma a fuskar yaro, kome ƙwarewarsa. Jinin yara 8 ne ya yi magana a madadin dubbai.

To, duk da haka mutane suna tsoron a ɗibi jininsu, kuma hakimin da ya ɗauki tsoron nan wauta ce bai san talakawansa ba. Wani yana ganin jininsa zai ƙare. Wani ya ji an ce sayar da shi a ke yi. Wani kuma tun yana yaro an hore shi kada ya bar gashinsa ko farcensa ko sawunsa a inda maƙiyi zai samu, balle jini da fitsari. Akwai kuma dalilin da ya fi waɗannan ƙarfi. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000, wani kamfanin magunguna na ƙasar waje ya gwada sabon magani bisa yara marasa lafiya a Kano, iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, magana ta kai kotu, ba a sasanta da Gwamnatin Jihar Kano ba sai a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka hakimi yana da iko, kai, wajibi ne ma a kansa, in ayarin masu ɗibar jini ya zo gundumarsa ya nemi takardarsu ta Ma'aikatar Lafiya, ya tambaye su abin da za a nema a cikin jinin, da inda za a kai shi, da ranar da amsa za ta komo. Ma'aikacin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. In hakimi ya gamsu, sa'an nan ya yi wa jama'a magana da bakin da ya san abin da ya ke faɗa.

Abin da zai faɗa musu kuwa ba shi da wuya. Jikin babban mutum yana ɗauke da jini wajen lita 5, abin da a ke ɗiba domin gwaji ɗaya kuwa misalin ƙaramin cokalin shayi ne, jiki kuma yana mayar da shi ba tare da mutum ya ko lura ba. Ƙahon da wanzami ya ke yi wa dattijo a ƙeya ya fi wannan fitar da jini nesa ba kusa ba, ba a kuwa taɓa jin wanda ya ƙi ƙaho don tsoron jininsa zai ƙare ba. Gwajin zazzaɓin sauro ma ɗigo ɗaya ne daga kan yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga amsa. Game da watan azumi, a mazhabar Imamu Malik ƙaho kansa ba ya karya azumi, sai dai an ƙi shi ga wanda zai raunana, balle cokali guda. Amma wannan magana ta fi kyau a bakin liman, hakimi ya roƙe shi ya faɗe ta bayan salla. Matan aure da ke cikin kulle kuma sai a nemi mace ma'aikaciya ta shiga wurinsu, bayan an yi magana da mai gida. Sau da yawa abin da a ke kira taurin kai kunya ce kurum.

Kowane irin samfur da ƙa'idarsa, kuma wanda ya fi bukatar taimakon masu sarauta shi ne na shan inna. Duk yaron da bai kai shekara 15 ba, in ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya ya yi laushi, lalle a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ba sai an gama zagaya masu magani ba. Za a ɗibi bayan gidansa sau 2, tsakaninsu aƙalla sa'a 24, kowanne misalin girman babban yatsan hannu, duka a cikin kwana 14 daga ranar da gaɓar ta saki, domin bayan nan ƙwayar cutar tana raguwa a cikin hanji, a nema a rasa ko da ita ce ta yi ɓarnar. A sa su cikin akwatin sanyi mai ƙanƙara, su isa ɗakin gwaji na Ibadan ko na Maiduguri cikin kwana 3. In mai babur ya tsaya cin kasuwa ƙanƙara ta narke, aikin duka ya tashi a banza, har ma ya fi banza muni, don amsa za ta fito cewa ba a ga kome ba, kowa ya koma barci.

An kuwa taɓa yin irin barcin nan. Daga tsakiyar 2014 aka yi shekara 2 ba a sami shan inna na asali a Nijeriya ba, har aka fara murna. Sai a watan Agusta na 2016 ya ɓulla ga yara a Jihar Borno, da aka bincika ƙwayar sai aka ga jikanyar wadda aka gani a can ce tun 2011. Watau shekara 5 tana yawo a garuruwan da rashin zaman lafiya ya hana ma'aikata shiga, ba wanda ya ɗebo bayan gidan yaro ko ɗaya daga can. Rashin samfur ba shi ne rashin cuta ba. Bayan an gyara wannan, ran 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali, kuma sarakunan Arewa, ta kwamitin da suka kafa a 2009 ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, suna da babban rabo a cikin wannan nasara. Amma fa ba a daina ɗibar bayan gida ba, domin akwai wani nau'i, wanda asalinsa daga raunanniyar ƙwayar rigakafi ne, da kan yaɗu inda yara da yawa ba su sami rigakafi ba, shi ma yana shanye ƙafa.

Sanƙarau kuwa ƙa'idarsa kishiyar wannan ce. Ruwan laka a ke zuƙowa da allura daga ƙasan gadon baya, aikin likita ne ko ma'aikacin da aka koya wa, kuma wannan ruwa ba a sa shi cikin ƙanƙara, domin sanyi yana kashe ƙwayar kafin a shuka ta a gane ta. Ko dai ya isa ɗakin gwaji cikin kamar sa'a 1, ko a zuba shi cikin wata kwalba ta musamman mai riƙe ƙwayar da rai a hanya. Iyaye sun fi ƙin wannan allura bisa kowace, suna cewa ita ke gurgunta yaro, alhali ciwon ne ke gurguntawa yana kurumtawa. Amfaninta kuwa bai tsaya ga majiyyaci shi kaɗai ba. Sanƙarau iri iri ne. Rigakafin da aka fara yi a Arewa a 2011 na nau'in A ne, ya kuwa karya lagonsa. Amma annobar da ta tashi daga Zamfara ta bazu zuwa Sakkwato da maƙwabta a 2017 ta nau'in C ce, wanda wancan rigakafi ba ya tare shi. Ba a aiko wa gunduma da rigakafin da ya dace sai an san nau'in, ba a kuwa sanin nau'in sai daga ruwan lakar waɗanda suka fara kwantawa. Uban da ya yarda aka yi wa ɗansa allurar nan ya taimaki 'ya'yan gari duka.

Sauran ba su da tsawon bayani. Mai tari na mako 2 ko fiye ya kai kaki domin a duba tarin fuka, kakin da ya fito daga ƙirji, ba miyau ba, kuma ya yi tarin a fili, nesa da mutane. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe wa wannan ciwo. Yaro mai tsargiya a ɗibi fitsarinsa tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar ya fi fita. Mai amai da gudawa a ɗibi bayan gidansa kafin a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma kada a jinkirta ba shi ruwan gishiri da sukari don jiran wannan. Wanda aka ce ya zo gwajin ciwon sukari bai ci kome ba tun dare, to, koko ma abinci ne, ko da dattawa da yawa ba su yarda ba. Kuma duka a yi su a cikin mazubin da asibiti ya bayar. Gwangwanin madara da kwalbar lemo da ganye ba su yi, domin abin da ya rage a cikinsu shi ma zai yi shaida.

Yanzu magana ta zo kan malam, kuma aikinsa ya fi na kowa saurin ɓaci ba a lura ba. A ƙauye ɗaya ana samun Muhammadu 20, da Audu 10, da Hasan da Husaini a gida uku. In aka rubuta Audu kurum bisa kwalba, amsar wani za ta je wa wani: mai lafiya ya sha maganin tarin fuka wata 6, mai ciwon kuma a sallame shi ya koma yana tari cikin iyalinsa. Don haka duk inda aka nemi malam ya taimaka da rubutu, ya sa sunan yanka da sunan uba, da laƙabin da aka fi sanin mutum da shi, da unguwa, da ƙauye, da sunan mai unguwa, da shekaru, da ranar da ciwo ya fara, da rana da sa'ar da aka ɗibi samfur. Abin da ke jikin kwalba ya zama daidai da abin da ke cikin takarda, harafi da harafi, kuma a rubuta shi a gaban majiyyaci, ba bayan an tara kwalabe an koma inuwa ba. A jikin kwalba a ke rubutu, ba bisa murfi ba, gama murfi ya kan sauya uwa.

Akwai wani tarko wanda baƙon ma'aikaci ba ya gani, malamin gari kuwa ya san shi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, yaron da aka sa wa sunan kakansa kuma Abba ko Baba a ke ce masa har ya girma. In aka tambayi uwa sai ta sunkuyar da kai, ko ta faɗi sunan wasa, ma'aikaci ya rubuta. Bayan mako 2 a komo da amsa ana neman mai wannan suna, a sami yara biyar. Malam ya tambayi kaka, ko maƙwabciya, ko mai unguwa, ya bar uwa da kunyarta. Haka kuma shekaru: in ba takardar haihuwa, a auna da sallar da aka haife shi kusa da ita, ko da shekarar da aka naɗa dagaci, kada a rubuta abin da ido ya kintata.

Wajibi ne kuma a san cewa abin da ke cikin kwalba yana iya kisa. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta kwanta da wani zazzaɓi a garin Lassa, a ƙasar Borno, aka kai ta Jos ta rasu, wadda ta yi jinyarta ita ma ta rasu. Aka aika da jini Jami'ar Yale a Amurka, a can aka gano sabuwar ƙwayar cuta aka sa mata sunan garin. Masanin da ke binciken, Jordi Casals, ya kamu da ƙyar ya tashi, wani ma'aikacin ɗakin gwajin ya rasu, a 1970 kuma Likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ita ma ta rasu. Yau ba sai an kai Amurka ba, ana gwada zazzaɓin Lassa a cikin ƙasa, a Irrua ta Jihar Edo, da babban ɗakin gwaji na Hukumar Yaƙi da Cututtuka a Abuja, da wasu wurare. Amma haɗarin yana nan yadda ya ke. Wanda a ke zaton yana da irin wannan zazzaɓi, ma'aikacin da aka horar ne kaɗai zai ɗibi jininsa, da safar hannu da rigar kariya, a rufe kwalbar cikin mazubi, mazubin cikin akwati. Kada dogari ko ɗan aike ya karɓi kwalbar jini ya sa a aljihu ko cikin hula don neman a gode masa, kada kuma a ɗora akwatin samfur tare da kayan abinci. Allura kuwa sabuwa ga kowane mutum, a buɗe ta a gabansa. In jama'a suka ga saɓanin haka su gaya wa mai unguwa, shi kuma ya kai gaba.

Saura maganar amsa. Babu abin da ke kashe wannan aiki a ƙauye kamar a ɗibi jinin mutane a tafi, shiru, ba a komo ba. Shekara mai zuwa ko hakimi da kansa ya zo ba za su miƙa hannu ba. Amsar gwaji ta majiyyaci ce da likitansa, ba a karanta ta a fada, ba a kuma rubuta sunan cutar mutum a littafin gunduma. Abin da a ke sanar da hakimi shi ne cewa cuta kaza ta shigo gari kaza, don ya tsaya kan rijiyoyi da kasuwa da taron biki. Amma malam yana iya buɗe shafi guda ya rubuta ranar da aka ɗibi samfur a ƙauye kaza, da yawansu, da sunan ma'aikacin da ya tafi da su, da ranar da ya ce amsa za ta zo. In ranar ta wuce ba labari, sai ya rubuta takarda da sunan hakimi zuwa ga shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ya ambaci ranar da yawan kwalaben, ya nemi a aiko ma'aikaci ya gaya wa kowane mai gida abin da aka gani a nasa.